Awon Safe

Ƙarfe shida ake zuwa da ɗan tsinken allura,
a soki yatsana, a ɗiga jini,
na'ura ta faɗi lamba.
"Suga ya sauka, Baba, mun gode Allah."
Na ce mun gode.
Abin da ya hau kuwa, ba wanda ya zo da ma'auninsa.

Shekara talatin da biyu ƙafar dama na taka keke
a rumfata ta Jekadafari, jikin mai gyaran rediyo.
Ita ta aurar da Ummalhairi,
ita ta rufa wa ɗakin Dudu kwano,
takan san salla ta matso tun ba a ga wata ba.
Ƙusa ce fa, 'yar mitsitsiya,
ban ma ji shigarta ba.
Wata uku, likita ya ja layi da biro ƙasan gwiwa
yadda nake ja da alli a kan shadda,
ni da na san abin da ke bin bayan alli.

Miki ya warke, kowa ya shaida.
Aka kwance bandeji ana yaba ɗinki,
ni ma na leƙa: yaron ya iya, ba laifi.
Amma tun ranar dare ya ƙi ni.
Fanka na juyi, ina ƙirga mata,
babban yatsan da aka binne yana min ƙaiƙayi,
in miƙa hannu, in sosa zanen gado.

Dudu ta kawo tuwon acca,
ya huce, ta rufe, ta mayar.
Manu ya taso tun daga Kwami da labarin farashin wake,
na ba shi ƙeya har ya gaji ya yi sallama.
Masu dubiya su tsaya bakin ƙofa: "Ya mai jiki?"
Dudu ta ce da sauƙi.
Jikin take nufi.
Mai shi yana can ƙasan rijiya, yana jin muryoyinsu sama-sama.

"Ka yi tawakkali," in ji ƙanena.
Na yi. Ko a zaune ban bar salla ba.
Sai dai mai kwance rigingine
cikin kunne hawayensa ke taruwa, shi kaɗai ke ji.
Na fara tura ƙwaya ƙarƙashin filo.
Lamba ta tashi, ƙafar hagu ta soma kumburi,
suka yi ta juya takardu suna neman laifin magani.

Sista Rifkatu 'yar Billiri ce ta zo canza zane,
ƙwayoyi tara suka gangaro siminti.
Ba ta yi faɗa ba. Ta tsince su, ta ja kujera.
"Baba, yaushe rabonka da barci?
Yaushe rabon da wani abu ya yi maka daɗi?"
Na ce, 'yar nan, ni ba mahaukaci ba ne.
Ta ce, "Wa ya kira hauka?
Wuƙar da ta taɓa ƙafa ta taɓa zuciya,
ɗaya kawai muka ɗinke.
Akwai likitan damuwa ran Laraba."

Na je, a keken guragu, ina sunkuyar da kai.
Ya bar ni na yi magana har bakina ya bushe.
Ba zan ce gari ya waye ba.
Barcin awa huɗu dai na samu, kuma na cinye rabin tuwo.

Jiya ta ajiye min farar rigarta, aljihu ya ɓalle,
da allura, da zare wanda bai dace da yadin ba.
Na yi mata tsiya kan zaren.
Sai da na kai ƙarshen aljihun
na ji Dudu ta yi shiru tana kallona:
ashe ina motsa dungun,
ina taka keken da ba ya nan.